Ciwon Sukari Da Maƙoƙo: Kada A Jira Sai An Ji Zafi

Jama'ar Kafin Hausa, da ta Bulangu, da ta Auyo, da dukan mazauna bakin kogin Haɗejiya: Ni malamin ɗakin shan magani ne. Na fi shekara 20 ina wanke gyambo, ina ɗaura bandeji, ina ba da ƙwaya. Ni ba likita ba ne, karatuna kuma bai yi nisa ba. Abin da zan gaya muku, wani na gani da idona, wani kuwa likitoci ne suka bincika suka koya mana.

Mu nan mun saba da cututtukan da su ke zuwa da hayaniya. Zazzaɓin cizon sauro ya kan kayar da yaro cikin yini ɗaya. Amai da gudawa ba su ɓuya. Tsargiya ma ta kan nuna kanta da jini a fitsari. Waɗannan kowa ya gani ya san lokacin neman magani ya yi. Amma akwai waɗansu cututtuka biyu da ba su yin haka. Su kan yi shekaru a jikin mutum yana noma, yana cin kasuwa, bai ji zafin kome ba. Na fari ciwon sukari, na biyu ƙullutun wuya da mu ke kira maƙoƙo. Wanda ya ce sai ya ji zafi zai zo asibiti, sau da yawa ya kan zo a makare.

LABARIN WANI MANOMI

Shekarun baya, da kaka, aka kawo mini wani dattijo manomin shinkafa daga wani ƙauyen fadama. Yana da ɗan rauni a tafin ƙafa, bai fi faɗin babban yatsa ba. Ya ce ƙaya ya taka, bai ma sani ba sai da maiɗakinsa ta ga jini a tabarma. Na ce, "Baba, yana yi maka zafi?" Ya yi dariya ya ce ko kaɗan. Ni kuwa na ji daɗi, na ce a raina ashe abin da sauƙi. Na wanke, na ɗaure, na ce ya riƙa zuwa bayan kwana uku-uku.

Mako biyar ina wanke raunin nan, bai haɗe ba. Duk wannan lokaci ban auna masa sukari ba. Laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Da ya gaji sai ya daina zuwa. 'Yan'uwansa suka ce ai daji ne, daji kuwa ba ya son allura, aka shiga barbaɗa masa garin magani a gida.

Bayan wata biyu aka komo da shi a kwance. Yatsu uku sun yi baƙi, ana jin wari tun daga ƙofa. Muka aika da shi babban asibiti. Can aka auna jininsa aka tarar sukari ya hau ƙwarai, likita kuma ya ce ya daɗe da ciwon bai sani ba. Don a ceci ransa aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Gonar fadamar da ya ke ci da iyalinsa, ita aka jinginar aka biya kuɗin aiki da na magani.

Tun daga ran nan, duk baligin da ya zo mini da raunin ƙafa, sai na auna masa sukari kafin in taɓa bandeji. Don kada a sake irin wannan na ke rubuta muku takardar nan.

MENE NE CIWON SUKARI?

Duk abincin da mu ke ci na hatsi da saiwa, tuwo ne ko fura, shinkafa ko rogo ko dankali, in ya shiga ciki ya narke sai ya koma sukari ya shiga jini. Wannan sukari shi ne ke ba jiki ƙarfi. Amma ba ya iya barin jini ya shiga tsoka sai da taimakon wani ruwa da a ke kira insulin. Wata 'yar tsoka doguwa da ke kwance a bayan tumbi ita ke yin ruwan nan. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini, tsoka kuwa ta zauna da yunwa. Kun san yadda a ke ban ruwa a fadama. In bakin kwalbati ya toshe, ruwa ya cika hanya ya yi ɓarna, shuka kuma ta bushe a gona. To, haka abin ya ke.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da samari. Jikinsu ya daina yin insulin, dole a yi musu allurarsa kullum. A da duk yaron da ya kamu da shi ba ya daɗewa. A 1921 ne Likita Banting da ɗalibi Best suka samo insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a watan Janairu na 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro allurar, ya rayu. Iri na biyu shi ne ya fi yawa. Ya fi kama wanda ya haura shekara 40, da mai ƙiba, da wanda iyayensa ko 'yan'uwansa su ke da shi. Mace mai ciki ma ta kan samu, musamman wadda ta taɓa haihuwar jariri da ya kai kilo 4.

Kada ku ce ciwon masu kuɗin birni ne. Dattijon da na ba ku labari siriri ne, kuma bai taɓa zaman birni ba. Ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci tare, kuma ba sammu ba ne. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa baligai miliyan 537 su ke da shi a duniya, kimanin miliyan 3 da dubu 600 a Nijeriya. Ta kuma ce a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba.

ALAMUNSA

Ku lura da waɗannan: yawan fitsari, har mutum ya tashi sau da yawa cikin dare, ƙishirwa da ba ta yankewa, rama alhali ana cin abinci, kasala, gani hazo-hazo, maruru na fitowa a kai a kai, rauni da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba ga mata, raunin mazakuta ga maza. Wani kuma ya kan ga kiyashi sun taru inda ya yi fitsari.

Amma mutum na iya zama da ciwon ba tare da ko ɗaya daga cikin alamun nan ba. Awo kaɗai ke nunawa. Ana ɗan tsira yatsa a ɗauki ɗigon jini, cikin minti ɗaya an gama. A zo da safe kafin a ci kome. Ma'aunin iri biyu ne. In wani ya nuna 7 ko fiye, ko ɗayan ya nuna 126 ko fiye, sai a sake awo wata rana don a tabbatar. Duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a auna shi, ko da yana jin lafiyarsa ƙalau.

ƁARNAR DA YA KE YI

Sukari in ya daɗe da yawa a jini ya kan ci ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi sannu a hankali, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki.

Ƙafa. Jijiyoyin da ke kai labarin zafi su ke fara mutuwa. Mutum ya fara jin kamar ana tsira masa allura, ko tafin ƙafa na zafi da dare, daga baya sai ya daina jin kome. Jini kuma ba ya isa ƙafar sosai, don haka rauni ba ya saurin warkewa. Mu mutanen fadama abin ya fi mana hatsari. Muna yini cikin ruwa da taɓo ba takalmi, fata ta jiƙe ta yi laushi, ga ƙaya, ga kututturen ciyawa, ga ƙugiyar masunta. Da rani kuma ga faso, ga rairayi mai zafi. In an yi ambaliya irin ta 2022, mutane su kan yi kwanaki suna ratsa ruwa mai datti. Da na ji dattijon nan ya ce raunin ba ya zafi, da tsoro ya kamata in ji.

Ido. Ƙananan hanyoyin jinin bayan ido su kan tsattsage. Ba zafi, ido kuma ba ya ja, sai dai gani ya yi ta raguwa. Yanar ido ma ta kan zo wa mai sukari da wuri. In an gano tun da sauran gani, likitan ido na iya tsayar da ɓarnar.

Ƙoda. Ita ke tace jini. In ta fara lalacewa ba a ji, sai awon fitsari ya nuna. Ran da ƙafafu da fuska suka kumbura, abin ya yi nisa. Wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku a ke yi a mako, kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi.

Zuciya da ƙwaƙwalwa. In ciwon sukari ya haɗu da hawan jini da shan taba, su ke kawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

ABIN DA LIKITOCI SUKA BINCIKA

Daga 2016 zuwa 2017 likitoci a manyan asibitoci 6 na Nijeriya, har da asibitin koyarwa na Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun bi diddigin masu ciwon sukari 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa. Fiye da ɗaya cikin uku sai da aka yi musu yanki, ko yatsa ko ƙafa. Ɗaya cikin biyar ya rasu. Yawancinsu sun zo ne bayan gyambon ya yi zurfi, kuma ba a taɓa koya musu yadda za su kula da ƙafarsu ba.

Ga kuma labari mai daɗi. A Birtaniya, daga 1977, likitoci sun bi masu ciwon sukari fiye da 5,000 shekara da shekaru, suka bayyana abin da suka gano a 1998. Waɗanda aka tsare sukarinsu sosai, ɓarnar ƙananan hanyoyin jini, watau irin ta ido da ƙoda, ta ragu da kashi 25 cikin 100. Waɗanda aka saukar musu da hawan jini sosai, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 44 cikin 100. Watau ciwon ba ya rabuwa da mutum, amma ɓarnarsa ana iya tare ta.

DOKOKI GA MAI CIWON SUKARI

1. Ka sha maganinka kullum yadda likita ya ce. Kada ka daina don ka ji sauƙi. Mai allurar insulin da ba shi da firji ya sa kwalbar a leda ya ɗaure, ya ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

2. Ka bar lemon kwalba, da alewa, da zuba sukari ko zuma a shayi da fura da kunu. Ka rage malmalar tuwo, ka ƙara miya. Zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, kuka, wake da kifi duk muna da su, ba sai ka nemi abincin kanti ba.

3. Ɗaci ba ya kashe sukarin jini. Kada ka bar ƙwaya ka koma jiƙe-jiƙe, wani jiƙon ma ƙoda ya ke ci.

4. Ka duba ƙafarka kullum, tafi da dunduniya da tsakanin yatsu. Lokacin alwala ya dace da wannan. In idonka ba ya gani sosai, ka sa ɗanka ko maiɗakinka su duba. Ka goge tsakanin yatsu su bushe, ka shafa mai a dunduniya.

5. Kada ka yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. In za ka shiga fadama ka sa takalmin roba mai tsawo. Ka kaɗe takalmi kafin ka sa.

6. Kada ka gasa ƙafa a wuta da hunturu, kada ka tsoma ta a ruwan zafi sai ka taɓa ruwan da gwiwar hannu. Kada a yanke maka kaushi da reza, kada a yi maka tsaga ko ƙaho a ƙafa.

7. Kowane rauni a ƙafa, kome ƙanƙantarsa, ka kawo shi asibiti ran nan ko kashegari.

8. Sau ɗaya a shekara a duba maka ido da fitsari. A auna hawan jini duk zuwan da ka yi. Ka bar taba.

9. Kafin watan azumi ka je likita ya gaya maka ko za ka iya, ya kuma gyara maka lokacin shan magani.

10. Sukari ya kan faɗi ƙasa ainun in an sha magani ba a ci abinci ba. Mutum ya yi gumi, jiki na rawa, ya ruɗe. A dama masa sukari ƙaramin cokali 3 a ruwa ya sha nan da nan. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a kai shi asibiti.

MAƘOƘO

Yanzu sai mu koma ga cuta ta biyu mai shiru. A gaban wuyan kowa, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Ita ke yin wani ruwa da ke daidaita ɗumin jiki, da bugun zuciya, da girman yaro da kaifin hankalinsa. Ba ta iya aikinta sai ta sami wani sinadari da a ke kira aidin, ɗan kaɗan, cikin abinci. In ta rasa sai ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Ƙasashen da ke nesa da teku, da inda ambaliya ke yawan wanke ƙasa, su suka fi rasa aidin. Mata kuma sun fi maza samun maƙoƙo.

Tun 1993 gwamnatin Nijeriya ta sa a riƙa haɗa gishirin ci da aidin. Ku sayi gishirin da aka rubuta haka a ledarsa, ku ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima. Kaɗan ya isa, mai hawan jini kada ya ƙara gishiri saboda wannan. Mai ciki da ta rasa aidin, abin na iya taɓa hankalin jaririnta. Ku kuma lura: aidin na kwalba da mu ke shafawa a rauni guba ne in an sha, ba shi a ke nufi ba.

Wani lokaci tsokar nan ta kan yi aiki fiye da kima. Mutum ya rame yana ci, zuciya na bugawa, hannu na rawa, ido ya firfito. Wannan ya kan yi kama da ciwon sukari, awon jini ke raba su, kuma yana da magani.

Yawancin ƙullutun wuya ba ciwon daji ba ne. Amma kaɗan daga ciki shi ne, kuma shi ma da fari ba ya zafi. A kai mutum ga likita ba da jinkiri ba in ƙullutun ya yi tauri kamar dutse, ko yana saurin girma, ko murya ta shaƙe ta ƙi komawa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya. Haka kuma in ƙullutu ya fito wa yaro ko namiji. Maƙoƙon da ya yi shekara 20 a zaune sa'an nan ya fara sake kama, shi ma a kai.

Likita zai ɗauki hoton wuyan, ya sa siririyar allura ya zuƙo kaɗan a duba da madubin likita. In daji ne a kan yi aiki a cire, in an cire tsokar duka sai mutum ya riƙa shan ƙwaya kullum a madadinta. Cikin ire-iren ciwon daji, yawancin na tayirod yana cikin masu jin magani in an zo da wuri. In an bar shi ya kan bi jini ya tafi ƙashi ko huhu. Kada a bar wanzami ya tsaga maƙoƙo ko ya yi masa sakiya. Wurin cike ya ke da hanyoyin jini.

Wataƙila ku ji a rediyo ana cewa dajin tayirod yana ƙaruwa a duniya. Ga bayaninsa. A Koriya ta Kudu, daga 1993 zuwa 2011, yawan waɗanda aka ce suna da shi ya ninka sau 15, amma yawan masu mutuwa da shi bai ƙaru ba. Da likitoci suka bincika sai suka ga dalili. An shiga ɗaukar hoton wuyan masu lafiya, ana gano 'yan ƙananan ƙullutai da yawancinsu ba za su taɓa cutar da mai su ba. Saboda haka wanda ba shi da ƙullutu kada ya tayar da hankalinsa, kada ya ɓad da kuɗinsa wajen hoto. Mu tamu matsalar dabam ce. Su can sun yi gaggawa, mu nan ƙullutu na bayyane mu ke rufewa da mayafi ko rawani har ya danne maƙogwaro. Maigida, in ka ga ƙullutu a wuyan iyalinka, kai ne za ka kawo ta, kada ka jira ta yi ƙara.

INA ZA A JE?

Ku fara da ɗakin shan magani mafi kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinmu za mu ba ku takarda zuwa babban asibitin Kafin Hausa ko na Haɗejiya. In ana bukatar likitan ido, ko na ƙoda, ko aikin wuya, daga can a kan tura mutum Dutse, ko Birnin Kudu, ko Kano. In an ba ku takardar turawa kada ku ninke ta ku sa ƙarƙashin matashi sai an sayar da riɗi. Kuɗin awo da na mota ba su kai na yanke ƙafa ba.

Ran 14 ga Nuwamba kowace shekara ita ce ranar tunawa da ciwon sukari a duniya, ranar haihuwar Likita Banting. A nan ƙasarmu ta kan zo da kaka, lokacin da hannu ke da ɗan abin taɓawa. Ku riƙe ta ta zama ranar da kowane magidanci zai kawo kansa da iyayensa a auna su. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da cikin gida, don mata su ji. Yau da dare kuma, kafin ku kwanta, ku ɗauki fitila ku duba tafin ƙafar tsofaffin gidanku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.